Shirye-shiryen Gwamnati na Samar wa Matasa Aiki: Abin da Ya Shafi Ƙaraye da Rogo

Ƙaraye da Rogo ƙananan hukumomi ne a yammacin Jihar Kano da ke mazaɓa ɗaya a Majalisar Wakilai. Noma da kasuwanci su ne ginshiƙin arzikinsu, aikin albashi kuwa bai wuce na ƙaramar hukuma da makarantu da asibitoci ba. Saboda haka matashin da ya kammala karatu yakan zuba ido ga shirye-shiryen gwamnati.

Mafi daɗewa a cikinsu ita ce Hukumar Samar da Ayyukan Yi ta Ƙasa, NDE, wadda gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta kafa a 1986. Tana haɗa matashi da gwanin sana'a, kamar tela ko kafinta ko makaniki, ya koya a hannunsa. Tana kuma horarwa kan noma da ƙananan sana'o'i.

A 2016 gwamnatin Muhammadu Buhari ta ƙaddamar da N-Power domin 'yan shekara 18 zuwa 35. Masu shaidar karatun gaba da sakandare sun riƙa karɓar Naira 30,000 a wata, suna aiki a makarantu da asibitoci da fannin noma. An ɗauki mutum 200,000 a rukunin farko, 300,000 a na biyu. An dakatar da shirin a Oktoban 2023 domin bincike, alhali wasu na bin bashin alawus.

A Janairun 2021 aka soma shirin ayyuka 774,000 a ƙarƙashin NDE. An ware wa kowace ƙaramar hukuma gurbi 1,000, har da Ƙaraye da Rogo, a kan Naira 20,000 a wata na tsawon wata uku.

Raunin waɗannan shirye-shirye ɗaya ne: wa'adi gare su, da ya cika sai alawus ya yanke. Wanda ya fita da sana'a a hannu shi ke da madogara, musamman a yankin da madatsar ruwan Challawa, da aka kammala a 1992, ta ba da damar noman rani da kamun kifi.

Rajistar N-Power ta intanet aka yi, da lambar BVN, kuma kyauta. Duk wanda ya nemi kuɗi da sunan sayar da gurbi, ɗan damfara ne.