Tarihin debugfs, ɗakin da aka ce babu doka

1/ Jama'a, wayarku ta Android a kan kernel na Linux take gudana. Ku zo ku ji wani labari.

2/ A da, idan direba (manhajar da ke sarrafa kyamara ko Wi-Fi) ya rikice, masu rubuta shi sai su zuba bayanan bincike cikin /proc, har wurin ya cika da tarkace.

3/ A Disamba 2004 Greg Kroah-Hartman ya kawo debugfs. Zuba abin da ka ga dama, amma kada wata manhaja ta dogara da shi, don gobe ana iya canzawa.

4/ Wa ya ji? Aka dogara. A 2011 an cire wani ɗan gurbi daga bayanan bin sawun kernel, PowerTOP ya lalace. Linus Torvalds kuwa ba ya yarda a karya manhajar mutane, dole aka mayar da gurbin. Ni dai ina ganin ya yi daidai.

5/ A 2015 aka ware wa bin sawun gidansa, tracefs. Daga Android 11 kuma, Google ya hana buɗe debugfs a wayoyin kasuwa.