Ma'anar Gida da Iyali a Shari'a da Mulki a Ƙasar Hausa

Idan Bahaushe ya ce "gida", mai saurare ba ya rikicewa, ko da yake kalmar tana ɗauke da ma'anoni da dama. Wani lokaci ana nufin ginin da katanga ta kewaye, tun daga zaure har ɗakin uwargida. Wani lokaci kuma mutanen da ke ciki ake nufi, wato mai gida da matansa da 'ya'yansa da barorinsa. Akan kuma ce wane ɗan gidan sarauta ne, ko ɗan gidan malamai, ana nufin zuriyar da watakila ta watsu a garuruwa goma. A hira ta yau da kullum wannan faɗi na kalmar ba ya ɓata kome. Inda magana takan cije shi ne gaban alƙali ranar rabon gado, ko gaban dagaci ranar karɓar haraji, domin a can dole ne a yanke wane ne na gida, wane ne kuma ba na gida ba.

A karkara, abin da al'ada ta sani shi ne gandu. Uba da 'ya'yansa maza, har da masu aure, suna noma gona guda, suna zuba amfaninta a rumbu guda, ana dafa musu tuwo daga gare shi. 'Ya'yan suna bin uban aiki daga safe zuwa wajen azahar, sa'an nan kowa ya wuce gayaunarsa, wadda amfaninta nasa ne shi kaɗai. Shi kuma uban, a wuyansa iri da kayan aiki suke, da ciyarwa, da biyan haraji, da ɗawainiyar auren fari na kowane ɗa. M. G. Smith, wanda ya yi bincike a ƙasar Zazzau a 1949 da 1950, da Polly Hill, wadda ta zauna a Batagarawa a 1967, duk sun bayyana wannan tsari. Abin da ya kamata a lura da shi shi ne, gandu ba daidai yake da gini ba. Ana iya samun gandaye biyu ko uku a bayan zaure ɗaya, kowanne da murhunsa. Saboda haka tukunya ce ma'aunin iyali a al'ada, ba katanga ba.

To, amma alƙalin da ya karanta Risala ta Ibn Abi Zaid da Muhtasar na Halil, ba zai sami babin gandu a cikinsu ba. Fiƙihun Malikiyya, wanda ya daɗe a ƙasar nan kuma jihadin 1804 ya ƙarfafa shi, ba ya ɗaukar gida a matsayin abu guda mai mallakar dukiya. Mutum ɗaya ɗaya yake dubawa, ya ce wane yana bin wane hakki kaza. Shi ya sa iyakar iyali takan sake da sakewar babi. A babin nafaƙa da'irar ƙarama ce ƙwarai: wajibi ne mutum ya ciyar da matarsa, da 'ya'yansa maza har su balaga, da 'ya'yansa mata har mazajensu su tare da su, da iyayensa biyu idan matalauta ne. Ƙane da kaka da jika ba sa ciki, ko da kuwa ƙwarya ɗaya suke sa hannu. A babin gado da'irar ta faɗaɗa, har ɗan baffan da bai taɓa taka zauren ba yana iya samun rabo, alhali agolan da ya girma a tsakar gidan ba shi da ko anini. A babin diyyar kisan kuskure kuwa ta ƙara faɗi, domin dangin uba ne ke taruwa su biya.

A nan ne al'ada da shari'a suka fi gwabzawa. A ɗauka mutum yana da 'ya'ya maza uku a gandu, babban ya yi shekara ashirin yana noma gonar, sai ya riga uban rasuwa ya bar yara ƙanana. Ranar da tsohon ya cika, baffannin yaran suna shamakance su daga gado, ba su da rabo a gonar da guminsa ya raya, sai fa in kakan ya yi musu wasiyya, wadda ba ta wuce sulusi, ko ya ba su kyauta tun yana da rai kuma an karɓa. Wannan hukunci ne sananne, ba kuskuren alƙali ba ne, kuma dattawa masu hangen nesa sun daɗe suna yanka wa irin waɗannan marayu gona a gaban shaidu domin gudun wannan rana. A wajen mace kuwa sau da yawa al'ada ce ke tauye abin da shari'a ta bayar. Littafi ya ce wadda aka saki ta yi idda a ɗakinta, ciyarwa kuma a kan mijin idan sakin na kome ne. A aikace, takarda tana shiga hannunta take ɗaure kaya zuwa gidan iyayenta, kuma kaɗan ne daga cikin matan ke zuwa kotu neman wannan mazauni.

Sarauta ita ma da nata lissafin. Matafiyin nan Bajamushe, Heinrich Barth, da ya shigo Kano a 1851, ya rubuta cewa kuɗin ƙasa wuri 2,500 ne a kan kowane mai gida, a Zazzau kuwa a kan fartanya ake sa shi, wuri 500 kowacce. Bambancin ba ƙarami ba ne. Inda ake ƙidaya masu gida, riba ce 'ya'ya su zauna a ƙarƙashin uba, tun da bakin mutum ashirin biya ɗaya ne. Bayi da cucanawa ma a wancan zamani 'yan gida ne a wannan lissafi, duk da cewa a fiƙihu ba magada ba ne, su ne ma abin gadon.

Zuwan Turawa ya taɓa gida ta fuska biyu. Dokar Lugga ta 1901 ta 'yanta duk yaron da aka haifa bayan watan Maris na wannan shekara, aka kuma soke bauta gaba ɗaya a Arewa a 1936, sai manyan gidaje da rinjojinsu suka soma raguwa a hankali. Sa'an nan, bayan dokar haraji ta 1906 da gwaje-gwaje iri iri, har da awon gona da taki, aka zauna a kan ƙidayar baligai maza. Di'o da malaman En'e suna yanka wa gari jimla gwargwadon yawan mazansa, dagaci da masu unguwa su rarraba. Mai gida ne dai ke miƙa kuɗin, amma yanzu kowane ɗa da sunansa a littafi. Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, cinikin gyaɗa ya buɗe, saurayi ya ga zai iya samun kuɗin harajinsa da na aurensa daga gayauna ko daga cin rani. Ba za a ce haraji kaɗai ne ya raunana gandu ba, domin ƙarancin gona da rabon gado sun yi nasu aikin, amma ranar da ɗa ya biya wa kansa haraji, rabin ikon uba ya tafi. Gwamnatocin Abubakar Rimi a Kano da Balarabe Musa a Kaduna sun soke haraji da jangali bayan hawansu mulki a 1979, a lokacin kuwa abin da zai sake ya riga ya sake.

Saura ƙasar da gidan ke bisa. Dokar 1910 ta sa filayen Arewa a hannun Gwamna, ta 1962 ta bi sawunta, dokar amfani da ƙasa ta 1978 kuma ta shimfiɗa wannan tsari a Nijeriya duka. Tun daga nan, abin da mutum ke riƙe da shi a doka hakkin zama ne, kuma a birni takardar shaida ce hujja mafi ƙarfi. Takarda kuwa suna take nema. Gidan gado da ke tsakanin 'yan'uwa goma sha biyu yakan ƙare da sunan babban wa a kanta, domin shi ne ya san hanyar ofishin filaye, kuma da wannan takarda banki ke ba da rance. Idan rigima ta kai kotu, babu gandu a gaban alƙali, sai masu tarayya a dukiyar da ba a raba ba. Zai sa a kimanta gidan, a fitar wa matan mamaci tumuninsu, namiji ya ɗauki rabon mata biyu. Wanda wani magaji ya sayar wa bare da rabonsa yana da hakkin shufa'a, wato ya biya kuɗin ya karɓe, muddin ba a riga an raba ba. Maƙwabci ba shi da wannan hakki a Malikiyya. In gidan zai rabu, sai a ja katanga a tsakar gida, a fasa wa kowa ƙofarsa. In ba zai rabu ba, a sayar a raba kuɗin.