Jami'ar Modibbo Adama a Wikipedia: Ƙa'idojin Kiyaye Sahihancin Bayani

An kafa Jami'ar Modibbo Adama a 1981 da sunan Jami'ar Fasaha ta Tarayya, Yola. Ta koma Jami'ar Fasaha ta Modibbo Adama a 2011, sannan aka cire kalmar fasaha daga sunan a 2021. Duk da ana danganta ta da Yola, harabarta tana ƙaramar hukumar Girei, tsallaken kogin Binuwai daga Jimeta.

Wajibi ne shafinta a kundin Wikipedia ya nuna kowane suna da shekararsa, domin kada mai ɗaukar ma'aikata ya yi shakkar takardar shaidar da ke ɗauke da tsohon suna. Ƙa'idar kundin ita ce dogaro da majiyoyi masu zaman kansu, tare da gujewa kambamawa da ɓatanci. Wanda aka biya don ya gyara shafi kuwa, dole ne ya bayyana hakan.