Tarihin Wasannin Tsalle da Bincike na Masu Zaman Kansu

Wasannin tsalle da bincike nau'i ne na wasannin bidiyo da ake yi a shimfiɗaɗɗen hoto, inda ɗan wasa ke tsallake ramuka, yana hawa tudu, yana lalubar lungunan taswira. Yawancin wasannin da suka kafa salon a Japan aka yi su. A 1985 kamfanin Nintendo ya fitar da Super Mario Bros., wanda ya daidaita ƙa'idar gudu da tsalle. A 1986 Metroid ya zo da wata dabara: ƙofar da ta gagari ɗan wasa sai ya bar ta, ya je ya samo sabon makami, sannan ya dawo ya buɗe ta. Kamfanin Konami ya faɗaɗa wannan tsari a Castlevania: Symphony of the Night a 1997. Sai dai a wannan lokacin manyan kamfanoni sun riga sun karkata ga hoto mai zurfi irin na Super Mario 64, wanda ke cin kuɗi da ma'aikata masu yawa, tsohon salon kuwa ya ja baya.

Ɗaiɗaikun mutane ne suka farfaɗo da shi, kuma dalilin a fili yake: wannan ne girman aikin da mutum ɗaya zai iya kammalawa. Daisuke Amaya ya shafe shekara biyar yana gina Cave Story shi kaɗai, zane da kiɗa da labari duka, ya sake shi kyauta a 2004. Derek Yu ya fitar da Spelunky a 2008, shekarar da Braid na Jonathan Blow ya fito. Kasuwannin intanet irin su Steam da Xbox Live Arcade sun kawar da buƙatar buga faifai da neman dillali, sai hanya ta buɗe wa Super Meat Boy a 2010, da Axiom Verge na Thomas Happ a 2015, da Hollow Knight na ƙaramar tawagar Team Cherry ta Ostareliya a 2017.

Masu suka na cewa duk wannan begen ƙuruciya ne kawai, ana sayar wa manya abin da suka buga suna yara. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, domin wasu wasannin kwaikwayo ne tsagwaronsa, kuma kasuwar ta cika maƙil da su. Amma waɗanda suka ɗore ba tsohon zamani suka dawo da shi ba, gyara shi suka yi. Shovel Knight na 2014 ya ɗauki kamannin wasannin tsohuwar na'urar NES ta Nintendo, amma ya yi amfani da launuka da faɗin allo da ita ba za ta iya ɗauka ba. Spelunky yana sake shirya matakansa duk lokacin da aka fara. Celeste na 2018 ya bai wa wanda wasan ya yi wa tsauri damar rage gudunsa, kuma labarinsa ya taɓo damuwar zuciya.

Saboda haka darajar wannan salo tana cikin ƙarancin kayan aikinsa. Idan babu ƙyale-ƙyalen da zai rufe aibu, dole tsallen ya yi daidai, taswirar ta yi ma'ana, kuma a wannan fage mutum ɗaya mai haƙuri yana iya gogayya da babban kamfani.