TAƘAITACCEN TARIHIN ZUMUNTA, BISHARA DA BAIKO A ƘASAR YAURI

Gabatarwa

A Littafin Firistoci sura 25, Allah ya umarci Isra'ilawa su keɓe shekara ta hamsin, a busa ƙaho, a saki bayi, kowane mutum kuma ya koma ga gādon iyayensa. Tun da Ubangiji ya kawo ikilisiyar nan ga cika shekara 50, ya dace mu ma mu waiwaya mu duba namu gādon. Tambayar da wannan ɗan tarihi zai amsa ita ce: wa ya ɗauki nauyin aikin Ubangiji a bakin kogin Kwara, daga Shanga zuwa Yelwa, daga Ngaski zuwa Warra, har ya kawo yau? Baƙi ne suka shuka irin, muna kuwa gode wa Allah dominsu. Amma waɗanda suka yi ban ruwa shekara da shekaru iyayenmu ne, da mudun dawa, da busasshen kifi, da 'yan kwabban da aka ƙulle a bakin zane.

Zuwan Bishara

A shekara ta 1901 wani saurayi ɗan ƙasar Kanada mai suna A. W. Banfield ya iso Nijeriya cikin ƙungiyar da ta buɗe tashar mishan a Patigi, a ƙasar Nufe. A 1905 ya komo da goyon bayan ikilisiyarsa, ya kafa tasha a Shonga. Shi ne ya yi aikin juya Littafi Mai Tsarki zuwa Nufanci. Daga wannan ƙaramin mafari aka sami mishan da aka sani da suna United Missionary Society, wato UMS.

Aikin ya bi kogi ya hauro arewa ta Jebba da Mokwa. A zamanin nan gwamnatin Turawa ba ta yarda masu mishan su yi wa'azi a manyan garuruwan sarakunan Musulmi ba, saboda haka suka nufi kabilun da ke bin addinin gargajiya. Suka buɗe Salka a cikin Kambari a 1923, da Zuru a cikin Dakarkari a 1925, daga baya kuma suka zauna a Yelwa. A Salka aka yi makarantar Littafi Mai Tsarki da harshen Hausa, a Tungan Magajiya kuma aka gina asibiti wanda marasa lafiya suka riƙa zuwa daga nesa, Kirista da Musulmi da mai bin gargajiya.

Fitowar cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa a 1932 ta taimaki aikin ƙwarai. Ƙasar Yauri ƙasa ce mai harsuna da yawa, akwai Gungawa, da Kambari, da Shangawa, da Dukkawa, da Lopawa. Hausa ce ta ba su damar zama a benci ɗaya, su karanta littafi ɗaya, su raira waƙa ɗaya. A tsakiyar shekarun 1950 ikilisiyoyin da UMS ta kafa suka haɗu suka zama UMCA, mai hedkwata a Ilorin. 'Yan'uwanmu Katolika kuma sun shigo ta hannun limaman Dominikan daga Amurka, waɗanda aka danƙa wa yankin Sakkwato a 1953, suka kuma yi aiki a Yelwa da ƙauyukanta.

Lokacin da Ruwa Ya Ci Gungu

Daga 1964 zuwa 1968 aka gina madatsar ruwa ta Kainji. Da ruwa ya taru, tsohuwar Bussa ta nutse, gungu da yawa da ƙauyukan bakin kogi suka ɓace, aka ta da mutane wajen 44,000 zuwa sababbin matsugunai. Gungawa da suka saba noman albasa da kamun kifi a tsibiransu suka sami kansu a kan tudu, cikin gidajen da gwamnati ta gina. Mutum ya bar gonarsa, ya bar kabarin mahaifinsa a ƙarƙashin ruwa.

Tafkin kuma ya jawo baƙi. Masunta suka zo daga wurare dabam dabam, haka ma malamai, da ma'aikatan gwamnati, da 'yan kasuwa, a cikinsu akwai masu bi daga kudu da tsakiyar Nijeriya. Wanda aka tayar daga garinsa da wanda ya baro garinsu neman abinci, dukansu suna bukatar dangi. A nan kalmar zumunta ta sami cikakkiyar ma'anarta a wurinmu. Baƙon da ba shi da kowa a gari ya sami masu zuwa sunan ɗansa, da masu zaman makoki tare da shi.

Sa'ad da Nauyi Ya Dawo Kanmu

A shekarun 1970 gwamnatocin jihohi suka karɓi makarantu da asibitocin mishan da yawa, Turawan mishan kuma suka yi ta raguwa. Taimakon da ke zuwa daga Kanada da Amurka ya ja baya. Daga 1986, da aka shiga tsarin tsuke bakin aljihu, darajar naira ta faɗi, albashin mai bishara ya kāsa kai shi ƙarshen wata. Ikilisiyar da ta dogara ga aljihun baƙo da ta rufe ƙofa a wannan lokaci.

Misali mai kyau yana nan kusa. Tun 1948 masu bi na ikilisiyoyin SIM, waɗanda suka zama ECWA a 1954, suka kafa tasu ƙungiyar aika masu bishara, wadda yau ake kira EMS. 'Yan ƙasa ne ke tafiya, 'yan ƙasa ne ke biya. A shekarun 1960 kuma shirin Sabon Rai Don Kowa ya koya wa manomi da masunci da matar aure cewa shaida aikin kowane mai bi ne. Da wannan ruhu ikilisiyoyin arewa suka tsaya da ƙafafunsu, namu na bakin tafki ma haka.

Zumuntar Mata

Ba za a ba da tarihin ikilisiya a ƙasar Hausa a tsallake Zumuntar Mata ba. Kowa ya san su da zane iri ɗaya, da kiɗan tulu da caki, da waƙoƙin da suke tsarawa da kansu daga labaran Littafi Mai Tsarki. Mace da ba ta taɓa shiga aji ba ta haddace ayoyi ta wurin waƙa, ta koya wa 'ya'yanta a bakin murhu. Da yawa kuma a ajin zumunta suka fara koyon karatu.

Suna da shugaba, da magatakarda, da ma'aji, suna taruwa mako mako, kowace ta kawo ɗan abin da aka yanka. Idan an haihu, su ne da sabulu da itace. Idan an kwantar da wani a asibiti, su ne da kwanon abinci. Idan an yi rasuwa, su ne ke kwana da gwauruwa bayan jama'a sun watse. A babban taro na shekara, su ne ke dafa wa ɗaruruwan baƙi. Abin da Ayyukan Manzanni sura 9 ya faɗa a kan Dokas, wadda gwauraye suka nuna rigunan da ta ɗinka musu, mun gan shi da idanunmu a cikin iyayenmu mata. Ƙungiyar matasa, da mawaƙa, da zumuntar maza sun yi nasu, amma su da kansu za su shaida cewa mata ne suka riƙe tukunya.

Hanyoyin Tara Baiko

Ban da zakka da baikon ranar Lahadi, ikilisiyoyin ƙauye sun dogara ga hanyoyin da suka dace da manomi da masunci.

Ta fari ita ce godiyar kaka. Bayan girbi kowane gida ya kawo daga abin da Allah ya ba shi: damin gero ko dawa, buhun shinkafa, kwandon albasa, kaza, akuya, kifi. A keɓe na gidan fasto da na mabukata, sauran a yi gwanjonsa, kuɗin ya shiga asusu.

Ta biyu ita ce gonar ikilisiya. A sa rana a yi gayya, maza da fartanya, mata da abinci da ruwa. Wanda ba shi da ko sisi ya ba da ƙarfinsa. Haka aka gina majami'u da yawa: matasa su buga tubali, mata su ɗebo ruwa, kuɗi sai na kwanon rufi da ƙusa.

Ta uku ita ce taron gidauniya, inda ake gayyatar 'ya'yan ikilisiya da ke aiki a birane da sauran abokan arziki, kowa ya yi alkawari a bainar jama'a. Wannan hanya tana kawo kuɗi da yawa a rana ɗaya, amma tana da haɗarinta, gama sauƙi ne a tafa wa mai dubbai a manta da mai ɗari. Ubangiji Yesu, a Markus sura 12, gwauruwa mai anini biyu ya yaba wa.

Da waɗannan aka sayi keke, daga baya babur, domin mai bishara, aka biya kuɗin jirgin ruwa zuwa tungayen masunta, aka tura ɗalibai makarantar Littafi Mai Tsarki, aka biya wa marayu kuɗin makaranta. Abin da ya riƙe wannan duka shi ne amana. Inda ake ƙirga baiko a gaban shaidu, a rubuta, a karanta rahoto a gaban jama'a, hannun mutane ba ya gajiya. Inda aka bar kuɗi a aljihun mutum ɗaya, zumunta kan fara tsagewa daga nan.

Abin da Ke Gabanmu

An ƙirƙiro Jihar Kebbi a 1991, hanyoyi da waya sun kawo mu kusa da duniya, amma wahala ba ta ƙare ba. A ranar 26 ga Mayu 2021 jirgin ruwa mai ɗauke da mutane fiye da 150 ya nutse a kusa da Warra, kaɗan ne suka tsira. A watan Yuni na shekarar nan ɗin 'yan bindiga suka kwashe ɗalibai da malamai daga Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Birnin Yauri. Irin waɗannan ranaku kan bar gwauraye da marayu da waɗanda suka gudo daga ƙauyukansu. Ruwa bai tambayi addinin kowa ba, taimakonmu ma kada ya tambaya. Maƙwabtanmu Musulmi kasuwarmu ɗaya, jirginmu ɗaya, makokinmu ma ɗaya.

Kammalawa

Manzo Bulus, a 2 Korintiyawa sura 8, ya yaba wa ikilisiyoyin Makidoniya domin sun bayar hannu sake suna cikin tsananin talauci. Shaidar iyayenmu ke nan. Yawancinsu ba su bar suna a takarda ba, amma Ubangiji ya san su. Yanzu tsofaffin Zumuntar Mata suna raguwa, matasa suna tafiya birni, akwai kuma tungaye a bakin tafki da ba su da mai bishara. Muna roƙon kowane ɗa da 'yar ikilisiyar nan, na gida da na nesa, ya shiga wata ƙungiya, ya riƙe baikonsa da aminci, ya kuma tambayi rahoton asusu ba tare da jin kunya ba. Allah ya ba mu alherin miƙa wa na baya abin da muka karɓa. Amin.