Richard Lugar da Matsalar Auna Ɗan Majalisa da Ƙuri'unsa

Tsarin mulkin Amurka ya tanadi cewa idan kashi ɗaya cikin biyar na 'yan majalisar da ke zaure suka nema, dole ne a rubuta matsayin kowa da sunansa. A Majalisar Dattawa akawu ne ke miƙewa yana kiran sanatoci ɗari bi da bi, kowa ya ce e ko a'a, wani ma ya shigo daga ƙofa ya ɗaga yatsa ya juya. Abin da aka rubuta ba ya goguwa. Daga wannan kundi ne ƙungiyoyi ke tsamo wasu ƙuri'u kowace shekara su ba ɗan majalisa maki, kuma da makin ne ake tallata shi ko a yaƙe shi ranar zaɓe. Mai karatu a Najeriya, inda akasarin ƙudurori ke wucewa da amon murya shugaban majalisa ya buga guduma ya ce masu e sun yi rinjaye, yana iya ganin wannan tsari a matsayin ƙarshen gaskiya. Yana da amfani ƙwarai, amma tarihin Sanata Richard Lugar na jihar Indiana ya nuna cewa kundin ƙuri'a shaida ne mai rowar bayani, kuma wanda ya tsaya ga lissafinsa kawai zai yi wa mutumin mummunar fahimta, ko masoyinsa ne ko maƙiyinsa.

An haifi Lugar a Indianapolis a 1932, ya yi karatu a Jami'ar Denison da ta Oxford, ya yi aikin sojan ruwa, sannan ya zama magajin garin Indianapolis daga 1968 har ƙarshen 1975. Ya nemi kujerar sanata a 1974 Birch Bayh ya kayar da shi, ya dawo a 1976 ya kayar da Vance Hartke. Daga Janairun 1977 zuwa Janairun 2013 yana majalisa a ƙarƙashin jam'iyyar Republican, shekara 36, kuma ya kaɗa ƙuri'a sama da 13,000.

Wanda ya bi ƙuri'un nan ɗaya bayan ɗaya ba zai yi shakkar cewa da mai ra'ayin riƙau yake hulɗa ba. A 1978, yana sabon sanata, shi da Orrin Hatch ne suka jagoranci jan ƙafar da ta kashe ƙudurin gyaran dokar ƙwadago wanda ƙungiyoyin ma'aikata suka ƙwallafa rai a kansa. A shekarun Ronald Reagan yana cikin sanatocin da suka fi kowa mara wa shugaban baya. Ya zaɓi a naɗa Robert Bork alƙalin Kotun Ƙoli a 1987, ya zaɓi Clarence Thomas a 1991, da John Roberts da Samuel Alito daga baya. A 1999 ya kaɗa ƙuri'ar tsige Bill Clinton a kan tuhuma biyun duka. Ya goyi bayan rage harajin George W. Bush, ya ƙi shirin farfaɗo da tattalin arziki na Barack Obama a 2009, ya ƙi dokar inshorar lafiyarsa. Manomi ne mai gonar masara da waken suya, amma da ya zama shugaban kwamitin noma a 1995 sai ya tura dokar 1996 da ta nemi yaye manoma daga tallafin gwamnati, abin da ba kowane sanatan jihar noma zai yi ba.

To, wannan mutumin ne 'yan jam'iyyarsa suka kayar a zaɓen fid da gwani na Mayun 2012 bisa hujjar cewa ra'ayin riƙau ɗinsa bai kai ba. Kafin a zo kan wannan, akwai ƙuri'a guda da ta cancanci a daɗe a kanta, domin ita ce ta fi shafar Afirka.

A 1985 Lugar ya zama shugaban kwamitin harkokin waje, a daidai lokacin da garuruwan baƙar fata a Afirka ta Kudu ke ci da wuta, gwamnatin P. W. Botha kuma ta kafa dokar ta-ɓaci. Manufar Reagan, wadda Chester Crocker ya tsara, ita ce lallashin gwamnatin wariyar launin fata maimakon matsa mata. A Yunin 1986 Majalisar Wakilai ta amince da ƙudurin Ron Dellums wanda zai yanke kusan duk wata hulɗar ciniki, ya kuma tilasta wa kamfanonin Amurka kwashe jarinsu. Lugar ya san wannan ba zai taɓa samun kashi biyu cikin uku a Majalisar Dattawa ba, kuma ba tare da wannan adadi ba kujerar na-ƙin shugaban ƙasa ce za ta yi aiki. Sai ya rubuta nasa mai sassauci, wanda bayan gyare-gyare ya ƙunshi hana sabon jari da sabon bashi, hana shigo da kwal da ƙarfe da yuraniyam da tufafi da amfanin gona, hana jiragen Afirka ta Kudu sauka a Amurka, tare da sharuɗɗan ɗage takunkumin, ciki har da sakin Nelson Mandela. Ya wuce a watan Agusta da ƙuri'a 84 da 14. Daga nan Lugar ya shawo kan Majalisar Wakilai ta karɓi ƙudurin yadda yake ba tare da canza ko wasali ba, don kada a koma teburin sasantawa lokaci ya ƙure.

Reagan ya hau kujerar na-ƙi ranar 26 ga Satumba. Ana jajibirin ƙuri'ar ƙarshe, ministan harkokin wajen Afirka ta Kudu, Pik Botha, ya bugo waya har ɗakin hutawar sanatoci, Jesse Helms ya haɗa shi da wasu sanatocin jihohin noma, ya gargaɗe su cewa ƙasarsa za ta daina sayen hatsin Amurka. Lugar ya fito fili ya kira wannan cin hanci da barazana. Ranar 2 ga Oktoba Majalisar Dattawa ta ture na-ƙin da ƙuri'a 78 da 21, bayan wakilai sun yi haka da 313 da 83. Sanatocin Republican 31 ne, har da Lugar, suka bar shugabansu.

A kundi wannan layi ɗaya ne, kuma ga masu ba da maki ƙuri'a ce da ta saɓa wa shugaban jam'iyya. Amma hujjar da Lugar ya kafa ba ta masu neman juyin juya hali ba ce. Tsoronsa shi ne idan Amurka ta ci gaba da tsayawa kusa da Pretoria, matasan baƙar fata za su ɗauka Tarayyar Sobiyet ce kaɗai abokiyarsu, kuma duk gwamnatin da za ta biyo baya za ta zo da gaba da Amurka. Lissafin mai ra'ayin riƙau ne tsantsa: a yarda da sauyin da ba makawa tun ana iya tafiyar da shi. Irin wannan lissafi ne ya yi a Fabrairun 1986, da ya jagoranci masu sa ido a zaɓen Filifin ya dawo ya gaya wa Reagan cewa Ferdinand Marcos ne ya sace zaɓen. Ya biya farashi. Da Republican suka rasa rinjaye, Helms ya yi amfani da girman shekarun majalisa ya karɓe masa jagorancin jam'iyya a kwamitin a 1987, kuma Lugar bai sake shugabantar kwamitin ba sai 2003.

Aikin da aka fi saninsa da shi ma haka yake, bai da girma a lissafin maki. A Nuwamban 1991, Tarayyar Sobiyet na wargajewa, shi da Sam Nunn na jam'iyyar Democrat suka samo dala miliyan 400 daga kasafin tsaro don taimaka wa tsohuwar abokiyar gaba ta tsare makamanta ta kuma lalata su. Ƙuri'ar ta wuce da 86 da 8. Shirin ya kai ga kwance kawunan makaman nukiliya sama da 7,600, kuma Yukren da Belarus da Kazakistan suka rabu da nasu baki ɗaya. A kundi, nauyin wannan ɗaya ne da na ƙuri'ar raɗa wa gidan waya suna.

Akwai misalin da ya fi wannan rikitarwa. A 2010 Lugar da Ben Cardin suka shigar da wani sashe, na 1504, cikin dokar gyaran harkar kuɗi ta Dodd-Frank. Sashen ya wajabta wa kamfanonin mai da ma'adinai da ke kasuwar hannun jarin Amurka su bayyana kuɗin da suke biyan kowace gwamnati. Ga ƙasa kamar Najeriya, inda ExxonMobil da Chevron ke haƙar mai, kuma hukumar NEITI ke fama da daidaita abin da kamfani ya ce ya biya da abin da gwamnati ta ce ta karɓa, wannan ba ƙaramin makami ba ne. Amma da aka zo kaɗa ƙuri'ar ƙarshe a kan dokar a watan Yuli, 'yan Republican uku ne kawai suka amince, kuma babu Lugar a cikinsu. Ya ƙi dokar da ke ɗauke da sashensa, saboda bai yarda da sauran ɗaruruwan shafukanta ba. Mai binciken da ya dogara da kundi kaɗai zai rubuta cewa Lugar ya ƙi bayyana kuɗin mai, alhali shi ya kawo maganar. Sashen ma bai ji daɗin rayuwa ba: ƙungiyar kamfanonin mai ta kai ƙara kotu ta soke ƙa'idar aiwatar da shi a 2013, aka rubuta wata a 2016, majalisa ta shafe ta a Fabrairun 2017.

Sai dai ba daidai ba ne a mayar da wannan hujja rigar kariya ga Lugar a ko'ina, kamar yadda masu yabonsa suka yi bayan rasuwarsa a Afrilun 2019. Akwai inda kundin ya fi jawabansa faɗin gaskiya. A 2002 shi da Joe Biden sun tsara wani ƙuduri da zai taƙaita ikon da za a ba Bush kan Iraƙi. Fadar shugaban ƙasa ta zagaye su ta daidaita da wasu, Lugar kuma ya bi sahu ya amince da ƙudurin yaƙin a watan Oktoba, cikin sanatoci 77. Bayan nan ya yi ta zaman jin bahasi yana tambayar me aka tanada bayan faɗuwar Bagadaza, tambayoyi masu kyau da ba su canza komai ba. Sai a Yunin 2007 ya tashi a zauren majalisa ya ce dabarar ƙarin sojoji ba za ta kai ga gaci ba, kuma ko bayan wannan jawabi bai bi 'yan Democrat wajen ƙayyade ranar janye sojoji ba. Mutumin da ya fi yawancin abokan aikinsa sanin haɗarin yaƙin, wanda kuma ya nuna a 1986 cewa yana iya tara kashi biyu cikin uku a kan shugaban jam'iyyarsa, a nan ya zaɓi ladabi. A ganina wannan ne babban tabon tarihinsa, kuma ƙuri'ar ce ta adana shi, ba jawabin ba.

Idan aka dawo kan 2012, abin da aka tuhume shi da shi jerin ƙuri'u ne ƙalilan. Ya amince da ceto bankuna a 2008. Yana cikin 'yan Republican tara da suka zaɓi Sonia Sotomayor a 2009, da biyar da suka zaɓi Elena Kagan a 2010, bisa tsohuwar al'adar cewa shugaban ƙasa na da haƙƙin naɗa wanda ya cancanta. Shi ya ja ragamar amincewa da yarjejeniyar rage makamai ta New START a Disambar 2010, wadda ta wuce da 71 da 26. A wannan watan yana cikin uku da suka goyi bayan ba yaran baƙin haure hanyar zama 'yan ƙasa. Tun 1993 kuma ƙungiyar masu bindiga ta NRA ke riƙe da shi a zuci saboda ya amince da dokar Brady da haramta wasu bindigogi. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ya saɓa wa yadda ya saba tunani tun 1977. Abin da ya canza shi ne mudun: a da ana tambayar sau nawa ka tsaya tare da jam'iyya, yanzu ana tambayar ko ka taɓa zama da abokin hamayya. Hoton tafiyarsa da Obama zuwa rumbunan makamai a Rasha da Yukren a 2005, wanda a da abin alfahari ne, ya koma kayan kamfe a hannun masu adawa da shi.

Shi ma ya ba da ƙofa. Ya sayar da gidansa na Indianapolis tun 1977 ya tare a Virginia, kuma da maganar ta taso bai da amsar da za ta gamsar da manomin Indiana. Shekararsa 80, ya daɗe bai yi takara mai zafi ba, domin a 2006 jam'iyyar Democrat ko ɗan takara ba ta tsayar ba, ya ci da kusan kashi 87. Richard Mourdock, ma'ajin jihar, wanda ƙungiyoyin Tea Party da Club for Growth da NRA suka tsaya wa, ya doke shi da kusan kashi 61 da 39. A Nuwamba Mourdock ya faɗi a hannun Joe Donnelly na Democrat bayan wata katoɓara da ya yi kan fyaɗe da ɗaukar ciki, kujerar ta bar hannun jam'iyyar.

Abin lura shi ne martanin Lugar bayan ya bar majalisa. Bai ce a daina ƙidaya ba. Cibiyar da ya kafa ta haɗa kai da Jami'ar Georgetown a 2015 ta fito da nata ma'aunin, wanda ba ya duban e ko a'a, sai sau nawa ɗan majalisa ya sa hannu a ƙudurin ɗan wata jam'iyya, sau nawa kuma 'yan wata jam'iyya suka sa hannu a nasa. Wannan ma yana da makantarsa, domin sa hannu a ƙudurin da kowa ya san ba zai wuce ba abu ne mai arha. Amma ya nuna cewa gardamar ba a kan rubuta ƙuri'a take ba, a kan wanda ke zaɓar ƙuri'un da za a ƙirga ne.

Don haka masu neman majalisunmu su riƙa rubuta matsayin kowane wakili da sunansa suna kan daidai, kuma ya kamata a yi hakan. In ba don kundi ba, da ba mu iya kama Lugar a kan Iraƙi ba. Amma mai nazarin da ya karɓi kundin sai ya haɗa da bayanan kwamiti, ya gano wa ya rubuta wane sashe, wa ya tara ƙuri'un, kuma me ƙuri'ar ta jawo wa mai ita, kafin ya yanke hukunci a kan mutum.