Hiragana: Rubutun Da Aka Raina Da Sunan Na Mata

Duk mai fara koyon rubutun Japan, da hiragana yake somawa: haruffa 46, kusan kowanne gaɓa guda, kamar a, ka, sa. To daga ina suka fito?

Da can Japanawa ba su da rubutu. Sai suka aro na China, wato kanji, suna ɗaukar wasu haruffan don sautinsu kawai. A zamanin Heian, wanda ya fara a 794, saurin hannun marubuta ya riƙa lanƙwasa su yana rage su. Haka 安 ya koma あ.

Mazan fada suka riƙe rubutun China don aikin hukuma, wannan kuwa aka kira shi "onnade", wato hannun mata. Amma da shi Murasaki Shikibu ta rubuta Labarin Genji wajajen 1000. Kai, tun wajajen 935, Ki no Tsurayuki sai da ya fake da muryar mace, sannan ya rubuta labarin tafiyarsa da shi.

Sai a 1900 gwamnati ta tsayar da harafi ɗaya ga kowane sauti a makarantu. Don haka in あ ta ba ka wuya, yi haƙuri: ja uku ne kawai, na asalin kuwa shida.